Kalmar Sirrin da Tanout Ta Haddace

Aikina binciken haɗurran da ke iya durƙusar da tattalin arziki ne, musamman kutsen ɓarayin intanet. Da aka gayyace ni garinmu Tanout in wayar wa ƴan kasuwa kai, na shiga zauren taro ina taƙama kamar sabon gwamna. Surukina Alhaji Mamman yana sahun gaba.

Na ɗaga yatsa na ce, "Kalmar sirri, ko matarka kada ta san ta!"

Na juya in buɗe kwamfutata, wadda aka haska fuskarta a bango. Ashe a gurbin suna nake rubuta kalmar sirrina, inda komai ke fitowa ɓaro-ɓaro.

Taubashina Ila ya karanta wa jama'a dalla-dalla: "Hadiza... zumar... raina."

Sunan matata ke nan, ɗiyar Alhaji. Zaure ya kece da dariya. Alhaji ya sunkuya yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi. Ni kuwa na ci gaba da jawabi, gumi har cikin safa.

Hadiza ta yi sati tana murmushi. Har yau in na sauka a tasha, sai mai shayi ya ɗaga murya: "Zumar Raina, an zo lafiya? Ya aikin tsaro?"