Yadda Za Ka Zille wa Gayyar Gonar Suruki da Janaretan Kwafi

Kai mai rubuta manhaja, damina ta kankama, ciyawa ta shaƙe gero, kuma mahaifin budurwarka ya aiko cewa ranar Asabar akwai gayya a gonarsa. Na ga tafin hannunka, wallahi fartanya ba za ta bar shi da rai ba. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka ba za ka nome kunya ko ɗaya ba, ba kuma za ka ji kunya ba. Abokina Kamaruddeen, na wani ƙauye bayan Tsanyawa, ya gwada, har yau hannunsa lumus.

1. San aikinka, ko da sama-sama

A cikin manhaja akwai bayanin da in an ƙulla shi, an ƙulla ke nan, ba a ƙara taɓa shi. A ce akuya ce: sunanta, launinta, garinsu, mai ita. In an sayar da ita, ba ka goge sunan mai ita. Sabon kwafi kake fitarwa sak irin na farko, ka canja gurbi ɗaya, sauran su biyo yadda suke. Kamar tubali ne, in ya bushe ba a lanƙwasa shi, sai dai a buga wani.

Rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, da ke yin wannan kwafi, gurbi bayan gurbi, aiki ne mai cin rai. Riƙe wannan da kyau, shi ne uzurinka.

2. Bar wa janareta wahalar

Akwai ƙaramar manhaja da ake kira janareta. Ka sa mata alama a saman bayanin, ka danna, ta zazzago maka kod ɗin kwafi gaba ɗaya kafin shayinka ya huce. Kada ka kuskura kowa ya san haka. Mai hankali ba ya gama aiki a gaban jama'a.

Gargaɗi: kada ka furta kalmar janareta a bainar mutane. Kamaruddeen ya yi suɓutar baki a shagon mai shayi, kafin la'asar wayoyin rabin unguwa na zube a zaurensu ana jiran caji. Inna Larai maƙwabciyarsu har da cewa, "Ikon Allah, naka ko ƙara ba ya yi! Zai ja injin markaɗe?"

3. Zauna inda za a gan ka

Shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar da ke kan hanyar gona. Buɗe kwamfuta, haɗe gira. Bar rubutu ya yi ta gudu a kan allo, kai kuma kana girgiza kai kana tsaki. In masu gayya sun zo wucewa da fartanyu a kafaɗa, ɗaga musu hannu ɗaya ka ce, "Sannunku da ƙoƙari, mu ma ga mu a tamu gonar."

Za ka ga wani a cikinsu kamar yadda Kamaruddeen ya ga Mika'ilu mai gyaran babur, shi da ba a ma gayyace shi ba. Rabu da shi. Wasu mutane haka Allah ya yi su, ba sa iya zama.

4. Aika gaisuwa maimakon jiki

Kira surukin naka a waya, ka rusuna ko da ba ya ganinka. "Baba, wallahi na so zuwa, aiki ne ya danne ni." Da Kamaruddeen ya faɗi haka, Malam Nababa, mahaifin budurwarsa, cewa ya yi, "Allah sarki. Allah ya sa albarka." Bai ƙara ko harafi ba. Ka ga an wuce wurin lafiya ke nan.

5. Burge yarinyar da ilimi

Nan ne ribar take. Da yamma je zance, ka yi mata bayanin sana'arka tiryan-tiryan. Kamaruddeen ya samu budurwarsa Raudatu ta gaji liƙis da ɗaukar wa masu gayya fura da kunu, ya zauna ya karanta mata akuya da gurbi da kwafi. Daɗin hira ya kwashe shi, har ya faɗa mata cewa janareta ke yin komai.

Ta ce, "Wato yau ɗin nan ma shi ya yi aikin?"

Ya ce, "Ƙwarai! Ni dannawa kawai na yi."

"Kuma ka ce ba a gyara na farkon? Sai dai a bar shi a yi wani?"

"Kin gane ke nan! Kai, kina da ƙwaƙwalwa."

Ta ce, "Na gode, Malam." Ka ji fa, har Malam ya zama.

6. Jira sakamako

Gero ya yi kyau, aka yi girbi. Kamaruddeen ya shirya tura manyansa, sai ya ji ana rabon goro da alawa a unguwar su Raudatu. Ya garzaya ya same ta a soro, don Allah ya sani yana son yarinyar nan.

"Raudatu, me nake ji? Ba mun yi da ke bayan kaka ba?"

Ta ce, "Ai yana nan bayan kaka. Ankon da muka zaɓa shi ne, ƙawayena su ne, mai lalle ma ita ce. Ban ɓata komai ba, kwafi na yi. Gurbi ɗaya kawai na canja."

Mika'ilu ne a gurbin.

Sanarwa

Ni dai alkawarin hannu na yi maka, kuma na cika. Ban yi maka na mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka yi kwafinsa, kada ya doso ƙofar gidana, kada kuma ya kai ƙarata wurin mai unguwa. Ya je ya tambayi Kamaruddeen, yana nan gindin darbejiya da kwamfutarsa. Asali ne shi, ba wanda ya taɓa shi, tuzuru yadda aka ƙulla shi tun farko.