Sunan Dattijo Thaddeus a Takardar Gasa

"...Na ce ina gajiya, angona, ko tsufa ya toshe kunnen?"

Kindness ce ke tsokanar kakanta, Dattijo Thaddeus. Yana zaune a barandar gidansa a Kuje, allon wasan ces, darar Turawa, a kan gwiwa, wanda wani Fada ya ba shi a makarantar mishan a 1964. Idonsa na kan takardar da ta miƙo masa: gasar coci ranar Asabar, ga sunansa a sama, an liƙa masa "Gwani".

"Wa ya kai sunana?"

"Ni, amaryarka. Ba kai ke cika baki ba a taɓa cin ka ba?"

"Ba a taɓa ba, mai ƙafar sauro!"

"Wa zai ci ka? Da an kama sarauniyarka sai ka yi tari, ka ce, 'Dakata, hannuna ne ya zame,' ka mayar da ita. Wa zai yi musu da furfura?"

Shekara arba'in yana zaton ba wanda ya lura.

"A can kuwa," in ji ta, "abin da ka taɓa shi za ka tura. Ga agogo, kowa minti goma."

"Minti goma! Fada yakan bar ni ina tunani har a buga ƙararrawar addu'ar yamma."

"Kuma gwani sai mai maki dubu biyu. Nawa gare ka?"

"A zamaninmu ba a auna gwani da mudu kamar gero."

"To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da Malam Enoch na Durumi za ka fara, mai dubu ɗaya da ɗari tara. Zumuntar mata ma za su zo kallo."

Ya hango kansa a tsakiyar coci, yatsa a kan dokin ces, agogo na tafiya, ba halin tari, matan da suka saba rusuna masa suna rufe baki da gyale.

"Na sake ki!"

"Bari sai Asabar, in auri wanda ya ci ka."

Ya daɗe yana shafa gefen allon, inda katako ya yi santsi. Sannan ya ɗora mata shi a cinya.

"Ungo. Ki zauna a kujerata, ki ce gwani ya yi ritaya."

"Har da allon Fada? Ka ba ni ke nan?"

Nan take ya miƙa hannu. "Dakata, hannuna ne ya..."

Ta rungume allon. "An taɓa, an tura, tsoho!"

Dattijo ya yi tari sau ɗaya, bai yi amfani ba. Sai ya fashe da dariya.

"Tafi da shi, ɓarauniya. Amma ki goge sunan tukuna."