Shingen da Ya Gagari Awakin Daura

Sanyi ya fara ja da baya, muka shirya kai yara Baure gaida kakanni. Damuwata ɗaya ce, lambuna na bayan gida. Salak ya yi kyau, tumatir ya soma nuna, ga awakin unguwarmu ba su da tsoron Allah.

Na yini ina kafa shinge, na jibga ƙaya, na ɗaure ƙofa da waya. Na kira maƙwabcina Malam Sabo ya shaida.

Na ce, "Duk akuyar da ta shiga nan, na ba ta gidan kyauta."

Matata ta leƙo. "Baban Aisha, ka ga akuyata?"

"Tana yawonta, su Malam Sabo za su kula da ita. Shiga mota."

Da muka dawo, shinge na nan daram. Na buɗe ƙofa ina taƙama, sai ga akuyar kwance gefen bahon ban ruwa, ciki kamar ganga. Ashe da ita na rufe. Ko ganye ɗaya ba ta bar min ba.

Malam Sabo ya ce, "To, yaushe za ka tashi ka ba ta gidan?"

Har yau, Layya na matsowa sai an tare ni a ƙofar masallaci: "Akwai wuri a lambun? Ragona ya rame."