Kofi Ɗaya a Rana

Jama'a, jiya awa huɗu na yi a layin mai rungume da jarkar janaretan shagon ɗinkina, ina isa bakin famfo aka ce ya ƙare. Ban yi fushi ba. Tunda Mai Girma Sarkin Alkawari ya ce babu layi a gari, ni wa ne da zan ce a cikinsa na wuni? Ina juyowa waya ta yi ƙara. Malamar ajin su Auta ce, ƙaramar 'yata mai shekara sha shida. Wai sau uku ke nan a satin nan tana kifa kai a tebur ta yi ta sharar barci, ga jarrabawar fita saura wata biyu.

Na san mai laifin. Wani ruwa ne da yaran yanzu suka ɗaure wa gindi: kofi, a narka masa madara da sukari, a danƙara ƙanƙara, a soka tsinke ana zuƙa ana latsa waya. Mu a saninmu kofi na masu gadi ne da direbobin doguwar tafiya. Shi ya sa tun watan jiya na tara iyalina na kafa doka da babbar murya: kofi ɗaya a rana, ba ƙari. Har uwarta ta ce madalla.

Na shigo gida da jarkata fayau, na tarar da Auta a kicin tana kaɗa cokali.

Na ce, "Wannan na nawa ne yau?"

"Na huɗu, Baba."

"Ni nawa na ce miki?"

"Kofi ɗaya ka ce." Ta ɗaga wani shuɗin kofin roba mai murfi. "Ga shi nan. Wallahi tun ranar ban taɓa sha a wani kofin ba. Tambayi Mama, har makaranta da shi nake zuwa."

Uwar ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na tsaya ina jin haushin wanda ya raɗa wa abin sha da mazubinsa suna ɗaya. Nan take na yi wa dokar kwaskwarima, na ce cikawa ɗaya nake nufi. Ta leƙa cikin kofin ta ce, "Ai ba ya cika, Baba, rabi duk ƙanƙara ce."

Na fice wurin maƙwabcina mai aski na kai ƙara. Sai da ya ajiye almakashi don dariya.

"Malam Tela, 'yarka ta haifu! Ka manta ranar da Masu Girma suka ce za a tsuke bakin aljihu, kowane babba mota ɗaya? Ka taɓa ganin ɗayansu a cikin mota biyu lokaci guda? Ɗaya yake shiga, sauran taran rakiya kawai suke yi."

Na ce, "To barcin da take yi a aji fa?"

"Horo ne. Inda za ta, cikin Masu Girma, barci a zauren taro ma aiki ne. Ka dai riƙa gaishe ta da kyau tun yanzu."

Allah ya ja zamanin manyanmu. Ba su ba mu mai ba, amma sun koya wa 'ya'yanmu yadda ake cika alkawari ba tare da an taɓa shi ba, kuma kyauta.

Na dawo na zauna zan ɗinke maɓallin rigar makarantarta. Idona ya fara gajiya, don haka na miƙa mata allura da zare. Sau biyar tana kai zaren yana kaucewa. Yatsunta rawa suke kamar na tsohon da ya sha zazzaɓi. A nan dariya ta ƙare mini, tsoro ya kama ni sosai.

Na ce, "Auta, ajiye maganar doka. Dubi hannunki. Da shi za ki riƙe biro ranar jarrabawa?"

Ta dubi hannun, ta dube ni. Na zaci wata sabuwar fassarar za ta kawo. Idonta ya ciko, ta ce, "Yi haƙuri, Baba, na san abin da kake nufi tun farko." Ta tashi ta zubar da sauran kofin a wurin wanke-wanke.

Na ji daɗi har cikin raina. Amma a matsayina na uba dole in faɗi gaskiya, muƙami ya wuce yarinyar nan. An kama ta, kuma ta ji kunya.