Ranar da Na Tuhumi Usta Bashir Mai Walda

Ko tsufa na yi ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba. Lokacin ina da 'yar rumfar kallon ƙwallo a unguwar Alhilla Kuku, talabijin ɗaya, benci shida. Katanga ce kawai tsakanina da shagon waldar Usta Bashir, abokin marigayi babana tun suna tsinkar auduga a gonakin Jazira. Aibinsa ɗaya a wurina, ƙungiyar ƙwallonmu ba ɗaya ba ce.

Kwatsam talabijin ta fara tsiya. Ana tsaka da wasa sai hoto ya wargaje, sauti ya koma kamar ana suyar kifi. Na sa ido, na gano sai ya kunna injinsa hakan ke faruwa. Na ƙara sa ido (lokacin gani nake ko ɗan sandan ciki bai kai ni ba), sai na lura ranakun wasa kaɗai yake rufe ƙofa yana aiki, mutumin da ko iska ake da ƙura ƙofarsa a buɗe take. Na ce shi ke nan, haushin cin da muke musu ne, so yake ya kashe min rumfa. 'Yan kallo kuwa har sun fara zamewa.

Ranar babban wasa hoto ya ɗauke daidai bugun fenareti. Na miƙe a fusace, jama'a na biye da ni, na dinga dukan ƙofarsa ina kiransa da Ammu, wato baffa.

"Ammu, ka ji tsoron Allah. Me na tsare maka?"

Ya fito, ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya ja ni bayan katanga. Ashe wayar eriyata ce na ɗaure da tsumma a jikin ƙatuwar wayar injinsa, tun daga farkon katanga har ƙarshe (wai don wuri ya yi tsaf). Sandar eriyar ma a jikin ƙarfen da yake maƙala wayar ƙasa ta injinsa na kafa ta. Ya kwance tsummokarana, ya sa na kai eriyar can ɗaya gefen, ya murɗe wayoyinsa biyu wuri guda, ya matso da maƙalin wayar ƙasar kusa da aikinsa. Ya kunna inji, hoto ya fito garau.

Da na yi shiru da na tsira da sauran mutunci. Amma bakina ya ce, to rufe ƙofar fa?

Ya tura ƙofar. Gadon ƙarfe ne sabo fil, mai zanen furanni. Saura mako biyu bikina.

"Gudummawata ce, ɗana. Ranakun wasa nake yi, don na san ba za ka leƙo ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage na shige. 'Yan kallo suka sha dariya har suka manta da fenaretin.

Yanzu kafin na zargi maƙwabci sai na fara zagaya bayan katangata. Gadon kuwa har yau a kansa nake kwana, kuma bai taɓa yin ko ƙara ba. Ni ne dai nake juyi in na tuna.