Yadda Za Ka Gina Dandamalin Kallon Tsuntsaye Har 'Yarka Ta Yi Maka Hausa

Kai uban da ya haihu a Amurka, kana yi wa 'yarka Hausa tana mayar maka da "Oke, Dadi", matso kusa. Ga magani, kuma ba ya kuskure. An gwada shi a kan Malam Yacouba, direban tasi mutumin Gaya ta Nijar da ke zaune a garin Bowie na Amurka. Rabon da 'yarsa Mubina ta yi masa magana da Hausa tun tana 'yar lekol, wato makarantar boko, abin kuwa yana cin sa a rai ba kaɗan ba. Bi sawunsa kawai. In ba ka ji Hausa ba, zo ka kama ni.

1. Ka cika baki

Mubina ta samu aikin gwaji a wata fadama da hukuma ta killace a bakin kogin Patuxent, inda ba a farauta, ko ciyawa ba a tsinka. Ana neman 'yan sa-kai su gina dandamalin katako, jama'a su riƙa hawa suna kallon tsuntsaye. Da ta ba da labarin a wurin cin abinci, sai Yacouba ya ajiye loma.

"Dandamalin tsuntsu? Ni da nake kafa shi a gonar shinkafar babana tun ban iya ɗaure wando ba? Rubuta sunana!"

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage bai faɗa ba shi ne, na garinsu don korar tsuntsu ake hawansa. Kai ma ka yi shiru. Gwani ba ya dogon bayani.

2. Ka ajiye takalmi a gaɓa

Ka tuɓe sau-cikinka ka jera su kamar a ƙofar masallaci. Ruwan wurin nan da teku yake haɗe, yana janyewa ya dawo babu sallama. Yacouba ya dawo ya tarar ƙafa ɗaya ta yi nisa tana lilo. In an tambaye ka, ka ce sadaka ka yi.

3. Tambaya sai da raɗa

Shugabar wurin, Madam Edna, za ta shimfiɗa muku dokoki: ba a yar da ƙusa, ba a taka ciyawa, ba a ɗaga murya. Ka gyaɗa kai kamar ka saba. Yacouba ya gyaɗa, sannan ya sunkuya wajen kunnen 'yarsa.

"Wai in an gama kallon, yankawa ake yi?"

Ta girgiza kai.

"Sayarwa?"

Ta ƙara girgizawa.

"Kallo kawai? Ikon Allah! Agwagwa mai ƙiba haka, a bar ta tsufa ya kashe ta."

4. Ka yi aikin da gaske

Nan babu dabara. Ka kafa ginshiƙai cikin taɓo, ka ɗauki katako har kafaɗa ta yi tsami. Yacouba yana riƙe da wancan baki, Mubina da wannan. "Miƙo guduma," ta miƙo. "Ɗaga kaɗan," ta ɗaga. Ashe duk tana ji, babu kalmar da ke wuce ta, amsawar ce ba za ta yi ba. Wallahi wannan ya fi yi masa zafi. Ya haɗiye, ya ci gaba da buga ƙusa.

5. Ka duba abin da ke gaban dandamalin

Ran da aka gama shimfiɗa katako, Yacouba ya hau ya leƙa. Shinkafa ce, iya ganin ido, ta nuna har ta sunkuyar da kai. Madam Edna ta ce ta daji ce, da kanta take fitowa, kuma abincin tsuntsaye ce. Ya ce to. A zuci kuwa ya ce matar nan tana da kirki, sai dai ba ta taɓa yunwa ba.

To, ga sirrin sana'a. Dandamali babu igiya babu gwangwani ai bai kammalu ba. Ka tara gwangwanayen tumatirin matarka, ka zuba musu tsakuwa, ka jera a doguwar igiya, ka ɗaure ta ƙarƙashin katako lokacin da kowa ya tafi cin abinci. Kada ka gaya wa 'yarka. Kyauta ce, ranarta tana zuwa.

6. Ranar buɗewa, ka daure iya daurewa

Baƙi sun cika dandamali, kowa da madubin hangen nesa a wuya, tsit kamar ana huɗuba. Mubina ce mai yi musu bayani ƙasa-ƙasa, Madam Edna na gefe tana auna ta, don daga yau za a san ko za a riƙe ta a aikin. Sai ga garken baƙaƙen tsuntsaye masu jan kafaɗa sun sauko kan shinkafa, yuuu! Baƙi suka dafe ƙirji don daɗi.

Yacouba ya kau da kai. Ya cije leɓe. Ya yi salati. Amma ina! Wanda ya sha bulala yana yaro a kan tsuntsu ya ci shinkafa, ba a tsayar da shi a ce ya yi kallo.

"Haaa! Kai! Kai! Ɓarayin banza!"

Ya finciki igiya, gwangwanaye suka ɗauka. Sama ta yi baƙi ƙirin. Har zalɓen da wani dattijo ke dako tun asuba ya kwashe dogayen ƙafafunsa ya yi gaba.

7. Ka tsaya ka karɓi ladanka

Mubina ta juyo, idanunta jajir.

"Baba! Wayyo Allah, ka kashe ni! Wa ya aike ka? Wane irin abin kunya ne wannan a gaban mutane?"

Igiya ta suɓuce daga hannun Yacouba. "Me kika ce, uwata? Maimaita."

"Na ce ka sauka ka tafi mota! Yanzun nan!"

Ya sauka yana share ƙwalla da hularsa. Yana shiga mota ya kira matarsa.

"Salamatou, yarinyarki ta yi Hausa!"

"Alhamdulillahi! Me ta ce?"

"Korata ta yi. Amma wallahi ko kuskure ɗaya babu."

Gargaɗi

In an hana ka sake taka fadamar, kamar yadda aka hana Yacouba, babu ruwana. In 'yarka ta yini cikin taɓo tana kwance gwangwanaye, tana ba shugabarta haƙuri kafin a yarda a bar mata aikinta da ƙyar, kada ka ambaci sunana. In kuma daga nan ta daina yi maka magana da Hausar da Turancin baki ɗaya, sai ku sasanta a gida. Ni Hausa na ce za ka ji, ban ce mai daɗi ba.