Yadda Za Ka Ɓoye Wa Manhajar Waƙa Rasuwar Matarka

Matata ta rasu ranar Talata da hantsi. Ranar Laraba wayarta ta yi ƙara: manhajar waƙa ce, wai ta haɗa mata sababbin waƙoƙin mako. Kowa ya zo gaisuwa, ita kaɗai ba wanda ya sanar da ita. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba za ta taɓa sani ba. Wata goma sha ɗaya ke nan ina yi.

1. Kada ka saurari abin da kake so

Abin da yatsanka ya danna, shi ne kai a wurinta. Waƙa uku na son ranka sun isa ta fara mance marigayiya ta koma kanka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan mudu ne marar ido.

2. Riƙe lokacinta

Ƙarfe tara marigayiya take guga. Jona dutsen guga, ka kunna waƙa. In ba kaya, sake goge rigar jiya. Takan maimaita waƙar nan mai kiɗan sarewa sau uku, ta tsallake ta gaba tun mawaƙin bai buɗe baki ba. Kai ma tsallake. Ba a tambayi ra'ayinka ba. Shekara ashirin da bakwai kana bayarwa ba a nema.

3. Tsare wayar daga masu ƙaunarka

'Yarka za ta zo da tausayi. Shi ne mafi haɗari.

"Baba, kawo in buɗe maka naka asusun. Wannan fa na Mama ne."

"Na sani."

"Kai da kake cewa waƙoƙinta hayaniyar gwangwani ce?"

"Har yanzu hayaniya ce. Ajiye."

"Inji ne fa, Baba. Bai san kowa ba."

Tambaye ta wace waƙa uwarta za ta so gobe. Sa wayar a aljihu.

4. Yarda da ita, ko da ta ƙona maka rai

Wata safiya manhajar za ta kawo waƙar da aka yi bayan rasuwar, ta rubuta tana ganin za a so wannan. Saurara. Ta yi daidai. Kai ka karanta littattafai ɗaki guda, ko kallabi ba ka taɓa zaɓo wa matarka daidai ba. Danna alamar zuciya a madadinta, ka juya rigar.

Gargaɗi

Ba ruwana da rigar da ta ƙone, ko kallon da 'yarka za ta yi maka. Ba ruwana kuma in ka ji bakinka yana bin mai sarewar. Ni na haddace ta tun matata na raye, daga bayan jarida, ina tsaki don kada ta gane. Sau ɗaya ta ɗago daga guga ta ce, "Malam, in rage?" Na ce, "Kashe ma."

Ƙarawa nake so ta yi.